An Sayi Gona, Ɗorawar Cikinta Fa? Kurakuran da Aka Fi Yi a Harkar Ƙasa da Itatuwa

Shekarar da Baba ya sayi gonarmu ta bayan gari, akwai ɗorawa uku a cikinta. An yi ciniki gaban mai unguwa, an ƙirga kuɗi, an shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Da bazara ta yi, ɗorawa ta nuna, sai ga matan gidan wanda ya sayar sun iso da ƙugiya da kwanduna. Baba ya yi magana, aka ce masa: "Malam, ai ƙasa aka sayar maka. Ɗorawa ta tsohuwa ce, wajen ubanta ta gada." Babu maƙaryaci a cikinsu, maganar ce kawai ba a yi ba ranar da ya kamata a yi ta. Shekara huɗu gaisuwar gidajen biyu ba ta wuce ta fatar baki ba.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma shi ya fi ba ni takaici, don maganinsa bai wuce tambaya ɗaya ba. A wurare da yawa na ƙasar Hausa, ƙasa dukiya ce daban, itace mai 'ya'ya dukiya ce daban. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da giginya suna iya zama na wani alhali gonar ta wani ce. Ba abin mamaki ba ne: kalwa kuɗi ce, man kaɗe kuɗi ne, giginya ɗaya azarar ɗaki ce. Shari'a ma ta san da wannan bambanci. Hadisi ya inganta cewa wanda ya sayar da dabino bayan an yi masa barbara, 'ya'yan na mai sayarwa ne, sai in mai saye ya gindaya sharaɗi. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a taka gonar da ƙafa, a ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, a tambayi na wane ne kowanne, a rubuta a takarda: ɗorawa uku, gawo biyar, kuka ɗaya, duk sun shiga ciniki, ko kuma wance ke da ɗorawa har ƙarshen rayuwarta. A faɗi 'ya'yan bana na wane ne. In itacen na wata mace ce a gidan, ita za a tambaya da bakinta, ba a wakilce ta tana cikin gida ba ta san abin da ake ciki ba.

Sai maganar aro. Mutum ya ba maƙwabcinsa gona aro saboda zumunci, wanda aka ara wa ya kafa mangwaro da gwaiba, ya haƙa rijiya, shekaru suka ja, masu maganar duka suka rasu. 'Ya'yan wannan na cewa aro ne, 'ya'yan wancan na nuna mangwaron da ubansu ya dasa da hannunsa. Shi ya sa tun da can dattawa ba sa yarda ɗan aro ya dasa itace, don sun san dashe kamar kafa tuta ne. Akwai kuma hukuncin hauzi a Malikiyya, wanda kotunan shari'a ke aiki da shi: in bare ya riƙe fili shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, mai shi yana nan, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma bai ce uffan ba, ƙararsa na iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo. Aro da haya da jingina ba sa zama mallaka ta hanyar hauzi, amma wa zai tabbatar wa alƙali aro ne in shaidu sun ƙare? Gyaran shi ne a rubuta aron, a sa wa'adi, a faɗi ko an yarda da dashe da abin da za a yi da itatuwan ranar mayarwa. Tsohuwar al'adar nan ta kai wa mai gona dami guda kowace kaka, kada a raina ta. Damin ba don cika rumbu ba ne, shaida ce da ake sabuntawa a idon jama'a.

Jingina ma haka take, har ta fi zafi, don akwai kuɗi a tsakani. A rubuta adadin kuɗin, da ranar, da cewa jingina ce ba sayarwa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take. Kuma a tambayi malami kafin a ƙulla, domin malamai da yawa na ganin cin amfanin gonar jingina saboda rance riba ne.

Gonar gado da ba a raba ba, kada ka saya daga bakin mutum ɗaya ko da shi ne babban wa. Sauran magada na da haƙƙin shufa'a, wato su biya kuɗin su karɓe kason da aka sayar maka, kuma 'yan'uwa mata da ke gidajen aure a wasu garuruwa suna da rabonsu ko ba su taɓa riƙe fartanya ba. Kyautar gona kuwa, in wanda aka ba bai karɓa ya shiga ba har mai bayarwa ya rasu, ta koma gado.

Mutane da dama sun ɗauka takardar da dagaci ya sa wa hannu ita ce ƙarshen zance. Tana da amfani sosai, shaida ce mai ƙarfi, amma a Najeriya Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a filayen karkara, har kadada 500 don noma da 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da yardar gwamna. Dokar ta kuma ce sauya hannun irin wannan fili na bukatar amincewar ƙaramar hukuma. To bayan dagaci da hakimi, a daure a ƙarasa sakatariya, sashen filaye. Ga wani abin da ba kowa ya sani ba: ranar da gwamnati ta karɓi fili don hanya ko makaranta, diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka raya a kai ce, gini da shuka da itatuwa masu amfani, ba ta tsurar ƙasa ba. Wanda ya share gonarsa fes ya rage wa kansa diyya da hannunsa. In ka ji za a zo awo, ka ƙirga itatuwanka, ka ɗauke su hoto, ka tsaya a wurin ranar ƙidaya. A Nijar kuwa, tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ake kira Kofo, har a matakin ƙauye, masu ba da takardar saye da kyauta da aro da jingina. Hanya tana nan, zuwa ne mutane ba sa yi sai rigima ta tashi.

Iyaka ba ta son dogon bayani. Gamba na ƙonewa, kunya na matsawa taku ɗaya kowace damina, dutse ana ɗauke shi da dare, alhali Annabi (SAW) ya la'anci mai sauya alamar ƙasa. A dasa aguwa ko bini-da-zugu, maƙwabci yana tsaye ana dasawa. Kada a jera darbejiya ko turare a kan layi, inuwa da saiwa za su cinye masa kunya biyu uku, ka jawo ƙara kana zaton alheri ka yi. Burtali kuma ba gonar kowa ba ce, wanda ya shuka a cikinsa ya gayyato shanu da fitina tare.

Wajen sara ana yin kuskure iri biyu masu kishiyantar juna. Wani na cewa gonata ce, in ga dama in kayar. Jihohi na da dokokin gandun daji, akwai itatuwan da sai da izini ake sarewa ko a gonarka suke, gawayi da lodin itace ma haka. Je ka sashen gandun daji, ka biya, ka karɓi rasit mai hatimi. Abin da aka miƙa wa malamin daji a gindin bishiya ba rasit, ba zai kare ka gobe ba in wani ya zo. Ɗayan kuma tsoron tara ya sa yana tumɓuke duk ɗan tsiro tun yana ƙarami, wai kada ya girma ya zama na hukuma. Haka aka yi ta yi a yankin Maraɗi har gonaki suka zama fayau, iska na binne shuka da yashi. Daga 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, tare da manoman yankin suka koma ga kututturan da ake ƙonewa kowace shekara: a zaɓi tofo uku zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran da kaifin gatari, a kare su daga awaki. Sassaben zamani ke nan. Da manoma suka tabbatar itacen da suka raina nasu ne, sai abin ya bazu, ana ƙiyasta kadada miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Gawo dai kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani ya ba dabbobi abinci. Tara sharar gona a gindinsa a cinna wuta, ko sassaƙe ɓawon maɗaci a zagaye shi kaf, kisa ne a hankali.

In za ka ba mai zarton inji jinga, ku gama magana tun inji bai tashi ba: ina itacen zai faɗi, rassa da kututture na wane ne, wa zai biya in ya rushe katangar maƙwabci ko ya tsinka wayar lantarki. A duba ko akwai zuma a kogo, a ɗaura igiya, a kori yara nesa.

Mu dai tamu ɗorawar, sai da tsohuwa ta rasu, Allah ya jiƙanta, magadanta suka zauna da Baba gaban dagaci aka yi wa itatuwan uku ciniki na biyu, da kuɗinsu daban. A takardar aka rubuta cewa jikarta za ta ci gaba da ɗiban ta gabas muddin tana aure a garin. Kwafi uku aka yi, ɗaya wajen dagaci, ɗaya a gidansu, ɗaya a akwatin Baba, ni kuma na ɗauke ta hoto na tura wa ƙannena duka.