Yadda za ki koyi wasan barkwanci daga rayuwar Patricia Routledge

'Yan uwa mata na Gusau da Ƙauran Namoda masu ɗora kwamedi a TikTok, ku matso kusa. Matar ga Patricia Routledge 'yar wasan kwaikwayo ce 'yar Ingila, an haihe ta 1929 a Birkenhead, kuma sai da ta wuce shekara 60 sannan duniya ta san ta sosai da rawar Hyacinth Bucket da ta taka cikin shirin BBC na Keeping Up Appearances da anka yi daga 1990 zuwa 1995.

Abu na hwarko, ki hwara da dandamali kamin kyamara. Ita tun 1952 ta hwara wasa gaban mutane a Liverpool, har ta ci kyautar Tony ta 'yan wasan dandamali a Amurka 1968. Ke ma nemi diramar makaranta ko ta Islamiyya ko taron biki, nan ne za ki gane ko dariyar gaske mutane ke yi ko kara kawai suke miki, don waya ba ta gaya miki wanga.

Sai ki zaɓi hali ɗaya ki riƙe shi gam. Hyacinth mace ce mai ƙaryar arziki, sunan mijinta Bucket, wato bokiti, amma ta nace sai an ce Buke kamar na Faransa, kuma wallahi kowace unguwa akwai irin hajiyar ga mai aron leshi ta tahi suna tana yatsina. Ki zauna ki kalli tahiyarta da yadda take amsa waya, amma kada ki kama sunan kowa.

Kuma in kina wasa kada ki yi dariya, ki murtuke, ki ɗan dakata bayan magana masu kallo su gama tasu tukuna.