Kurakuran da muke yi wajen rubuta ciwon jinjiri a binciken rigakafin masu ciki

Mace ta karɓi allurar rigakafi a wurin awo, ta haihu lafiya, kwana biyar jinjirin ya ƙi kama nono. Dole a tambaya ko allurar tana da hannu. Masu binciken da za su amsa ba su taɓa ganin yaron ba, takardar da muka cika a Sakkwato ce kawai a gabansu. Idan muka cika ta da ka, ko dai a ɗora wa allura laifin da ba nata ba har mata su guje ta, ko kuma illa ta gaskiya ta wuce ba a gani ba.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a rubuta kalmar nan "sepsis", wato ƙwayar cuta ta shiga jini, a rufe fayil. Kalmar ba ta faɗi abin da aka gani ba. Saboda irin wannan ne shirin GAIA na ƙungiyar Brighton, mai daidaita yadda ake rubuta illar rigakafi a duniya, ya fitar da ma'ana guda a 2016, don ciwon da ya kama jinjiri daga haihuwa zuwa kwana 28, mai matakai uku na tabbaci. Na ɗaya, an gano ƙwayar cutar a jini ko a ruwan laka. Na biyu, ba a gano ta ba, amma alamomi aƙalla uku sun haɗu, na jiki ko na gwajin jini. Na uku kuwa alamomin da ido da ma'aunin zafi ke iya kamawa ne, aƙalla biyu: zafin jiki digiri 37.5 na Celsius ko sama, ko ƙasa da 35.5, numfashi da sauri ko lotsawar ƙirji, ƙin nono, kasala, jijjiga. Ƙaramin asibitin da ba shi da ɗakin gwaji ya rubuta mataki na uku ba tare da jin kunya ba. Abin kunyar shi ne a ɗaga shi zuwa na ɗaya don fayil ya yi kyau.

Sai batun zafin jiki. Na taɓa ganin an rubuta "zazzaɓi" ga jinjirin da aka kawo da azahar a watan Afrilu, a naɗe cikin zane biyu da hular ulu. Bayan hannu kawai aka ɗora masa. Da aka warware shi, ya sha nono, aka auna, lafiyarsa lau. A auna, a rubuta lambar da lokacin. Kuma da hunturu kada a raina sanyin jiki: jinjirin da ya yi sanyi ƙalau ya yi laƙwas, sau da yawa ya fi mai zafin jiki shiga haɗari. Numfashi ma a ƙirga shi minti ɗaya cur yana kwance shiru. In ya kai 60 a sake ƙirgawa.

Muna kuma sakaci da kwanan da ciwon ya fara. Wanda ya bayyana cikin awa 72 na farko galibi daga jikin uwa aka ɗauko shi wajen haihuwa. Na bayan haka ya fi zuwa daga waje: abin da aka shafa wa cibiya, ko askar wanzami. Mafi yawan haihuwa a jihar nan a gida ake yin ta, babu mai duba agogo, don haka tambayar awa nawa ba ta aiki. Ni nakan ce wa kakar, "Inna, wace rana aka haife shi, bayan wace salla? Ya daina shan nono kafin suna ko bayan suna? An cire mishi beli?" Nan take take ba ni amsa.

Wajen ɗibar jini don neman ƙwayar cutar, a ɗiba kafin a fara magani, a goge fata sosai, a samu mililita ɗaya. A tambaya ko an biya ta kemis, domin maganin da aka riga aka ba shi yana iya hana ƙwayar fitowa. Idan kuma irin ƙwayar da ke zaune a fata ce ta fito sau ɗaya, ba ta isa hujjar mataki na ɗaya ba.

Akwai waɗanda muke ɓatarwa gaba ɗaya. Mai haihuwar fari ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Gwadabawa ko Tambuwal, sai a rubuta "lafiya" alhali ba a gan ta ba. Jinjirin da ya koma kafin suna kuwa, ranar ake kai shi makwancinsa, labarin bai iso asibiti ba. Tun a wurin awo a karɓi lambar maigida da ta gidan iyayenta, a kira bayan suna, a sake kira a kwana na 28. In an yi rashi, a fara da ta'aziyya, sannan a tambaya a hankali.

Ranar da aka yi wa uwar allurar Td (rigakafin tetanus da mashaƙo), ko wadda ake gwadawa, daga katin awo za a kwafo ta tare da lambar kwalba. A gurbin dalili kada a rubuta "allura ce" ko "ba allura ba ce". Wannan hukuncin sai an kwatanta jariran waɗanda suka karɓa da na waɗanda ba su karɓa ba.