Kafin Ka Sake Buɗe Kamfanin Reslin: Kurakuran da Aka Tafka a Filadelfiya

A kudancin birnin Filadelfiya na Amurka, daidai mahaɗar titin Swanson da titin Ritner, akwai wani tsohon sito da aka taɓa mayarwa gidan wasan bingo. Yau sunansa 2300 Arena, amma masu kallon reslin ba su daina ce masa ECW Arena ba. A nan kamfanin reslin na ECW (Extreme Championship Wrestling) ya yi tashensa tun daga 1993, har ya durƙushe a 2001. Bayan rufewarsa garin ya zama kasuwa ƙarama mai cike da 'yan tireda, kowa na neman ya gaji masu kallon da aka bari. Wasu sun tsira, da yawa sun nutse. Duk mai niyyar sake ɗaga tutar ƙaramin kamfanin reslin a garin da ya riga ya cika da masu sana'ar, ya kamata ya san abin da ya nutsar da su.

Mu fara da fahimtar hajar. Reslin ba kokawar gargajiya ba ce da ake kama juna a ga wanda zai kai ƙasa. An riga an tsara wanda zai ci tun kafin a fito, kuma masu kallo sun san da haka. Faɗuwar da ciwon na gaske ne, amma abin da mutum yake biyan kuɗi ya gani shi ne labari, da kuma amanar cewa za a ba shi abin da aka yi masa alkawari. Kusan duk kuskuren da za mu ambata, cin wannan amana ne ta wata fuska.

Mafi girmansu shi ne ɗauka cewa tsohon suna zai ci gaba da sayar da tikiti. Yana sayarwa, amma dare ɗaya. A watan Yunin 2005 an yi taron tsofaffin 'yan ECW har biyu cikin kwana uku: Hardcore Homecoming a tsohon zauren Filadelfiya, sai One Night Stand da babban kamfanin reslin na WWE ya shirya a Hammerstein Ballroom na New York. Dukansu sun yi armashi, mutane sun fito suna kiran sunan ECW kamar an dawo musu da ɗan'uwan da ya ɓata. Ganin haka WWE ta mayar da ECW shirin mako-mako a tashar Sci Fi a Yunin 2006. Kafin shekarar ta ƙare an yi December to Dismember a Augusta ta jihar Jojiya, wanda kimanin mutum 90,000 kaɗai suka saya a talabijin ɗin biya, kuma daga shi Paul Heyman, tsohon mai ECW, ya bar aikin. Shirin ya ja ƙafa har Fabrairun 2010 aka rufe shi. WWE fa kamfanin da ya fi kowa kuɗi a duniyar reslin ne, kuma shi ne mai sunan ECW a hukumance.

Ƙananan masu shirya wasa ba su ɗauki darasi ba. A Afrilun 2012 aka sake tara tsofaffin a Filadelfiya da sunan Extreme Reunion. Jama'a sun cika wuri, amma wasu daga cikin fitattun da aka tallata ba su hau dandamali ba, waɗanda suka hau kuma shekaru da raunuka sun riga sun ci ƙarfinsu. Mutanen da suka shigo da murna suka fita suna tsaki. An canja suna zuwa Extreme Rising, an ɗan taɓa, sannan abin ya mutu. Ina jin zafin wannan labari, domin waɗannan mutane ne da suka ba da jikinsu ga sana'ar, sai ga shi an tsayar da su gaban jama'a ana neman su maimaita abin da suka yi suna 'yan shekara talatin.

Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma ba ita ake cika ƙwarya da ita ba. Ka ɗauko tsoho ɗaya ko biyu waɗanda jikinsu yake da sauran ƙarfi, su jawo jama'a a daren farko. Aikinsu a wannan dare shi ne su miƙa hasken ga matashin da kake son ginawa: ko tsohon ya faɗi a hannunsa, ko ya ɗaga hannunsa gaban kowa. Idan mutane suka tashi daga wasanka na farko ba su riƙe sunan sabon mutum ko ɗaya ba, to ba ka da abin sayarwa a wasa na biyu.

Sai maganar bashi, wadda masu farfaɗo da kamfani suka fi son a tsallake. Lokacin da ECW ta shigar da takardun karayar arziki a Afrilun 2001, bashin da ke kanta ya haura dala miliyan 8, kadarorinta kuwa ba su kai miliyan 2 ba. Cikin masu bin bashin har da 'yan wasanta, waɗanda suka sha kai cek banki ana dawo musu da shi. Duniyar ƙananan kamfanonin reslin ƙauye guda ce. 'Yan wasan nan mota ɗaya suke shiga daga gari zuwa gari, ɗakin canja kaya ɗaya suke zama, kuma suna da jerin sunayen masu cin haƙƙi a kansu. Idan kamfaninka ya rufe da kuɗin wani a hannu, ko ɗan wasa ne, ko mai zaure, ko mutumin da ya sayi tikitin wasan da aka fasa, ka neme shi ka biya kafin ka buga fosta ɗaya. Idan ba za ka iya biya duka ba, ka je da ƙafarka ku yi magana ku sa lokaci. A daren wasa kuma kuɗin kowa ya kasance a ambulan da sunansa tun kafin a buɗe ƙofa. Mai jiran kuɗin ƙofa kafin ya sallami ma'aikata, caca yake yi da guminsu.

Kuskuren da ya fi dacewa da garin da ke da cunkoso shi ne shigowa da faɗa. A 2002 kamfanoni da dama ne ke neman masu kallo iri ɗaya a Filadelfiya: CZW ta John Zandig, da 3PW, da Ring of Honor, ga MLW ta Court Bauer da ta yi wasanta na farko a tsohon zauren a watan Yuni. Ana cikin haka XPW ta taso tun daga Los Angeles a ƙarshen Agusta, ta kuma raɗa wa wasanta na farko a garin suna Hostile Takeover, wato ƙwace da ƙarfi. Ba ta tsaya nan ba, ta ƙulla yarjejeniyar haya da masu zauren ta yadda babu wani kamfanin da zai ƙara yin wasa a ciki. A takarda dabara ce. A zahiri ta jawo wa kanta ƙiyayyar mutanen da take so su sayi tikitinta, domin mai kallon CZW shi ne dai mai kallon da XPW take nema, kuma ya ga baƙo ya kori ɗan gida. Ga nauyin haya ita kaɗai. A farkon 2003 masu ginin suka sallame ta, CZW ta dawo ɗakinta, XPW kuma ba ta ga ƙarshen shekarar ba.

Ka kwatanta da abin da ya faru a 2006. Ring of Honor da CZW, waɗanda masu kallonsu ke raina juna da gaske, suka mayar da wannan raini labari. 'Yan wasan wannan suna kutsawa wasan wancan, aka yi watanni ana gwabzawa, har aka rufe da faɗan keji a Filadelfiya a watan Yuli. Kowane ɓangare ya samu masu kallon da ba nasa ba. Ba lallai ka kai nan da maƙwabtanka ba, amma mafi ƙaranci ka ɗaga waya ka kira su kafin ka sa rana. Kada ka ɗora wasanka kan daren nasu. Idan za ta yiwu ku yi rana ɗaya, ɗaya da la'asar ɗaya da dare, ku raba kuɗin jirgin baƙon ɗan wasa da na hayar dandamali. Wanda ya tuƙo mota daga nesa zai fi son ya kalli biyu.

Amma zaman lafiya da maƙwabta ba zai cece ka ba idan hajarku iri ɗaya ce. Bayan mutuwar ECW kusan kowa ya ɗauka abin da garin yake so shi ne jini da tebura da waya mai ƙaya, aka yi ta rige-rigen wanda zai fi wani ɓarna. Ring of Honor ta bi wata hanya. Wasanta na farko, ranar 23 ga Fabrairun 2002, a wani ɗakin motsa jiki na unguwa aka yi shi, Murphy Recreation Center, gaban 'yan ɗaruruwan mutane. Babban wasan daren tsakanin Low Ki da Christopher Daniels da Bryan Danielson ne, babu wanda a cikinsu yake tauraron talabijin. Gabe Sapolsky, mai tsara labaran, ya kafa ƙa'idar a gaisa da hannu kafin wasa da bayansa, ya sa gwanintar kokawa a gaba. Chikara, da Mike Quackenbush ya kafa a shekarar a jihar Pensilbaniya, inda Filadelfiya take, ta tafi can wani gefen: rufe fuska irin na Meziko, barkwanci, wasan da uba zai zo da 'ya'yansa. Kafin ka dawo, ka sayi tikiti ka zauna a wasan kowane abokin gasa. Ka duba waɗanda suka zo, ka fi mai da hankali kan waɗanda ba su zo ba. Idan 'yan wasan da ka ɗauko su ne dai waɗanda aka gani makon jiya a zauren da ke bayan layi, me zai sa a biya ka?

Akwai kuma rashin haƙuri da kambu. Sabbin masu shirya wasa suna son a canja zakara kowane wata don a yi ihu. Samoa Joe ya riƙe kambun Ring of Honor kwana 645, daga Maris 2003 zuwa Disamba 2004, kuma cikin wannan lokaci ya yi canjaras na awa guda har sau biyu da CM Punk. Wannan jira ne ya sa kambun ya yi nauyi, ya sa mutane a wasu jihohi suka riƙa odar faifan.

Maganar faifai ta kawo mu kan kuɗi. Ring of Honor ta fito ne daga cikin RF Video, kamfanin sayar da kaset ɗin reslin da ya rasa babbar hajarsa da ECW ta mutu. Ma'ana, sun san inda kuɗinsu zai fito kafin su kafa dandamali. Da yawa kuwa suna buɗewa ne da mafarkin talabijin. Su tuna ECW ta samu tashar TNN a 1999, tashar ta ɗauko shirin Raw na WWF (tsohon sunan WWE) a Satumban 2000, ta yar da ECW a watan da ya biyo baya. A Ingila ma tashar ITV ta dawo da shirin reslin na World of Sport a 2018, shekara talatin bayan ta daina nuna reslin ɗin ƙasar, aka yi shiri goma ba a ƙara ba. Waɗanda dawowarsu ta yi kyau sun fara tara jama'a ne da araha. MLW ta rufe a 2004, Court Bauer ya yi shekaru yana gina masu sauraro ta shirye-shiryen murya a intanet, sannan a Oktoban 2017 ya gwada wasa ɗaya tak a Orlando, ya ma sa masa suna One Shot. Sai da ya ga an karɓa ya ci gaba, talabijin ta biyo baya a 2018. Mawaƙi Billy Corgan ya sayi tsohon kamfanin reslin na NWA a 2017, ya fara da gajerun bidiyo a YouTube a kan kambu ɗaya, bai buɗe shirin mako-mako ba sai Oktoban 2019.

Lissafin ba wuya gare shi. A ce zaurenka na cin mutum 300, tikiti dala 20. Ko ya cika maƙil, dala 6,000 ce. Daga ciki za a cire haya, dandamali, inshora, likita, alƙalan wasa, masu tsaro, sannan 'yan wasa. Ka yi kasafinka kamar rabin kujerun ne za su cika, ka kuma ajiye kuɗin wasa uku a gefe kafin ka sanar da na farko. Ƙaramin ɗaki a cike ya fi babba da kujeru a wofi, a ido da kuma a kyamara.

Doka ba abin wasa ba ce a nan. A jihar Pensilbaniya hukumar wasanni tana neman lasisi daga mai shirya wasa, da likita a wurin, tana kuma karɓar kasonta daga kuɗin ƙofa. Takurawar hukumar ce ta sa CZW ta riƙa kai gasarta mafi zubar da jini jihar Delaware. Ka san dokar jiharka kafin ka yi alkawarin abin da ba za a bari ka yi ba. Kada kuma ka sa kowa a dandamali ba ka tabbatar da shekarunsa da inda ya koyi sana'ar ba. A Nuwamban 1996, a Revere ta jihar Massachusetts, wani yaro ɗan shekara 17 ya ƙara wa kansa shekaru aka sa shi wasan ECW a madadin wanda bai zo ba. Ya ji mummunan rauni, aka shiga kotu, kuma saura ƙiris kamfanin ya rasa wasansa na farko na talabijin ɗin biya.

Abu na ƙarshe ƙarami ne, amma shi ake yawan mantawa. Wasa biyu kacal aka sanar kafin December to Dismember, aka bar mutane su sayi sauran a rufe. Ka faɗi abin da za a gani da wuri, ka kuma tallata shi a inda mutanen unguwa suke: shagon aski, gidan abinci, makarantar koyon reslin, ba Facebook kaɗai ba, inda mafi yawan masu danna maka alamar so 'yan wasanka ne da abokansu. Idan wani da ka tallata ya fasa zuwa, ka sanar tun kafin a buɗe ƙofa, ka ba wanda yake so kuɗinsa. Sannan kada ka bari a watse a daren farko ba ka da ranar wasa na biyu. A sanar da ita daga kan dandamali kafin babban wasa, da sunayen mutum biyun da za su kara, tikitin kuma yana kan tebur a bakin ƙofa lokacin da jama'a ke fita.