Yadda ake haɗa ferobiskait mai ƙarafa biyar a ɗakin gwaji

Ferobiskait wani nau'in tsarin kiristal ne, a nan na oksayid ɗin lantanam da ƙarafa biyar. Da farko dai ka gasa garin La2O3, wato oksayid na lantanam, a digiri 900 na Salsiyos kafin ka auna, wallahi garin nan shan danshi gare shi, in ka tsallake nan awonka ya tashi a banza. Sai oksayid na Cr, Mn, Fe, Co da Ni (kuromiyam, manganis, ayon, kobal da nikel), kowane ƙarfe 0.2, lantanam 1, lissafin mol ne fa, wato na yawan atam, ba nauyi ba. Zuba a turmin dutsen agat da ɗan etanol ka yi ta niƙa har ya yi luƙui. Gasa wajen digiri 1200, sake niƙawa, danne shi kamar kwabo, mayar wuta. Sai XRD, wato duba tsarin kiristal da hasken X-ray, in tsarin ya fito ɗaya tak babu gauraye to a kai shi awon maganaɗisu.