Kurakuran da ke kashe batirin sola kafin lokacinsa

A cikin kayan sola babu abin da ya kai batir tsada, kuma shi ke fara mutuwa. Kusan duk wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ta Kano shigo da shi ake yi, na litiyom daga China, na ruwa dogaye da ake kira tubula galibi daga Indiya. Shirin sauya makamashi da Najeriya ta ƙaddamar a 2022, da ƙananan tashoshin da REA, hukumar samar da lantarki a karkara, ke tallafa wa a ƙauyukan da wayar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO ba ta kai ba, duk sun rataya ne a kan batir, tunda wutar da aka tara da rana ita za a ci da dare. In ya mutu sai a ce jabu ne. Akwai jabun, amma yawancin wanda ke mutuwa a gidajen Ringim, Gaya ko Ɗambatta, riƙo ne ke kashe shi.

Babban kuskure shi ne lissafi. Batirin ruwa mai 12V da 200Ah yana ɗaukar 2.4kWh a rubuce, amma rabi ne kawai naka, wato 1.2kWh. In kullum ana tatse shi sai inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, ta yi kuka ta ɗauke, farantan darmar da ke ciki suna yin farin ɓawo, kuma ɓawon in ya daskare ba ya narkewa. Fanka biyu masu wat 60 na awa takwas sun cinye 960Wh. Ƙara ƙwan lantarki biyar da talabijin, an wuce iyaka tun kafin asuba. Na litiyom yana jure a ci kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, shi ya sa mai 5kWh guda ɗaya yake yin aiki kusa da na tubula huɗu. Gyaran shi ne a rubuta kowane kaya da wat ɗinsa da awannin da zai yi, a haɗa, sannan a sayi batir. A saita inbata ta ɗauke tun wutar ba ta yi ƙasa sosai ba.

Sai zafi, wanda ba a cika kula da shi ba. Shekarun da kamfani ke rubutawa a kwali an auna su ne a ma'aunin 25°C. A watan Afrilu da Mayu nan ana haura 40°C a inuwa, balle shagon da aka rufa da kwano babu silin. Batirin darma yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da 10°C. Litiyom ma zafi na tsufar da shi, sai dai a hankali. A nema masa ɗakin da ya fi sanyi, na ƙasa ya fi na bulo, nesa da bangon yamma, a ɗora shi kan katako, a bar tazara tsakanin batir da batir. Na ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, don haka ba a kulle shi a akwati, ba a ajiye shi inda ake kwana ko kusa da murhu.

Wani abin da ke yawan faruwa yanzu: mutum ya cire tubula ya sa litiyom, ya bar saitin inbata yadda yake. Saitin tubula yana da cajin daidaitawa da ke ɗaga wuta sama da 15V a kan kowane 12V, wanda litiyom ba ya so sam. Na'urar tsaron da ke cikinsa, BMS, za ta riƙa yanke wuta, mai gida ya ɗauka batir ne ya lalace. A kashe wannan cajin, a sa 14.2V zuwa 14.4V ga mai 12.8V, ko 56V zuwa 57V ga mai 51.2V, sai in takardar kamfanin ta faɗi wani abu daban. Wajen saye kuma a tambayi ƙwayoyi nawa ne a ciki: 16 ke ba da 51.2V, 15 kuma 48V, saitinsu ba ɗaya ba ne. A ɗaga shi ma a ji. Mai 5kWh na gaskiya yakan kai kusan kilo 40 ko fiye.

Haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya asara ce, tsohon zai ja sabon ƙasa. Batirin mota kuma don tayar da inji aka yi shi, ba ya jure tatsa.

Ruwan batir: tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Na rijiya, na burtsatse da na leda duk suna da gishiri-gishirin da ke ɓata farantai, kuma ba a ƙara asid. A duba duk wata, da bazara duk mako biyu.

Sau da yawa batir lafiyarsa ƙalau, yunwa ce ke damunsa. Don cika mai 5kWh a rana ɗaya ana buƙatar fanel na aƙalla wat 1,200 zuwa 1,500, ban da abin da ake ci da rana. Ƙurar hunturu da hadarin Agusta suna rage abin da ke shigowa, saboda haka a wanke fanel da sassafe kafin ya yi zafi. Famfon burtsatse da firiza suna jan ninkin wutarsu sau da yawa lokacin tashi. A tura ruwa tanki tsakanin hantsi da azahar, rana ta ɗauki nauyin.

Waya ma akwai ha'inci. Inbata mai 3kW a kan 24V tana jan sama da 125A, wanda ke buƙatar jan ƙarfe na gaske mai kaurin 35mm², gajere, da fiyus ko birekar DC kusa da batir. Birekar AC ta gida ba ta iya kashe tartsatsin DC, wato wutar batir. In kan batir yana zafi ko ya yi kore, a kwance, a goge, a ɗaure da kyau.

Wanda ya mutu kuma kada a bar yara su fasa shi, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya, domin darma guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara. Dillalai da dama suna karɓar tsohon tubula su rage maka kuɗin sabo.