Baki ya ƙaru a gida: yadda ake shigar da jariri lissafin masu tallafi

Ina koyarwa a makarantar matan aure a Unguwar Rogo, nan Jos, kuma tunda ni ce ake kawo wa fom in cike, tambaya ɗaya nake sha da zarar an ci suna an watse: "Malama, tunda baki ya ƙaru, za su ƙara mana kuɗin tallafin?" Gara in ba da amsar tun yanzu, ko da ba za ta yi daɗi ba. Kuɗin da gwamnatin tarayya ke rabawa na gida ne, ba a ƙirga kawuna. Naira 25,000 da Shugaba Tinubu ya sanar a Oktoban 2023, ta duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, mai 'ya'ya biyu da mai tara duk abu ɗaya suke karɓa. Haka naira 5,000 ta zamanin Buhari, wadda ake haɗawa a biya 10,000 duk bayan wata biyu.

Masu cewa ana ƙari ba ƙarya suke yi ba, labarin wata ƙasa suka ji. Ɗiyar yayata tana aure a Amurka, can tallafin abincin da suke kira SNAP da yawan mutanen gida ake auna shi. In aka haihu sai a sanar da ofishin da ke kula da takardun gidan, a jihohi da yawa cikin kwana 10, kuɗin da ke shiga katin sayen abincin ya ƙaru. Suna da wani shirin daban mai suna WIC, na mai ciki da mai shayarwa da yaro har ya kai shekara 5. Lambar shaidar yaron ma tun a asibiti ake cike takardar nemanta. Wannan tsarinsu ne. Mu a nan babu wanda zai biyo ki gida da biro, ke za ki bi su.

Duk da haka ina matsa wa masu jego su yi takardun, saboda abin da jariri zai samu ya wuce wancan kuɗin: inshorar lafiya, abincin tamowa in ta kama, da duk wani rabo da ake fifita gidan da ke da mai shayarwa ko ƙananan yara. Kowanne da takardar da yake nema, kuma takardun kansu wata ce ke haifar wata. In kika tsallake ta farko, ta uku ba za ta fito ba.

Ta farko ita ce katin riga-kafi. In a asibiti kika haihu, kada ki fito sai da shi da kuma takardar shaidar cewa a nan aka haihu. In a gida ne, hannun ungozoma, kamar yadda da yawanmu muke yi har gobe, to a naɗe jaririn a kai shi ƙaramin asibitin unguwa tun kafin suna. Na san sanyin Jos, na san kuma iyayenmu ba sa son a fita da ɗanyen goyo, amma allurar ciwon hanta an fi so a yi ta cikin awa 24 na farko, tare da ta tarin fuka, wato BCG, da ɗigon shan inna. Ba dole sai mai jego ta je ba; kaka ko gwaggo ta isa. Katin da za su rubuta a ranar shi ne shaidar farko da ke nuna ranar haihuwar yaron, kuma shi za a ci gaba da cikewa a mako na 6, na 10, na 14, sai wata 9 da wata 15.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a saurare ni, wato suna. Kafin a kai wa kowane ma'aikaci sunan yaro, maigida ya zauna ya rubuta shi a takarda da hannunsa, harafi bayan harafi, a ajiye wannan rubutun ya zama shi ne za a riƙa kwafa har abada. Muhammad ne, ko Mohammed, ko Muhammadu? Aisha ce ko Aishatu? A wurinmu duk mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne da mutum biyu. Sai kuma alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ko an sa wa yaro sunan surukinta, sai ma'aikaci ya tambaya ta sunkuyar da kai ta ce "Abba" ko "Walid", shi kuwa ya rubuta abin da ya ji. Na ga katin da aka rubuta wa yarinya "Mama" a gurbin suna. Alkunya abu ne mai kyau, ba na cewa a bari, amma a miƙa takardar da maigida ya rubuta, ba sai an buɗe baki ba. Sunan yanka ake so.

A yanke shawara kuma a kan suna na biyu. Wasu gidajen sunan uba suke sa wa yaro, wasu na kaka, don ya yi daidai da wanda uban yake amfani da shi a wurin aiki. Duk wanda aka zaɓa, ya zama shi ne na sauran 'yan uwansa. Gyaran suna ko ranar haihuwa daga baya kuɗi ne, da rantsuwa a kotu, da sintiri. Tun ran gini ake zane.

Da kati da wannan rubutun sai a nufi Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato NPC, don takardar haihuwa. Mutane da yawa suna ɗauka takardar asibiti ita ce shi ke nan. A'a. Wadda hukuma ta sani ita ce ta NPC, dokar 1992 ce ta ɗora musu aikin, ta kuma ce a yi rajista cikin kwana 60 da haihuwa. Ga jariri kyauta ce. Suna da teburi a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a asibitoci da dama ma'aikacinsu yakan zauna ranar riga-kafi, don haka ki tambayi nas ɗin da ke yi wa yaron allura wace rana yake zuwa. Tun da aka mayar da rajistar ta kwamfuta a ƙarshen 2023 suna neman lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ta uwa ko ta uba, a tafi da ita a rubuce. Kafin a bar gaban teburin a karanta abin da aka rubuta. In ba ki iya boko ba, ki tafi da wanda ya iya, ko ɗan firamare ne.

Ni shawarata, wannan aikin na maigida ne. Kwana 40 na wankan jego sun cinye kashi biyu cikin uku na wa'adin, mace tana fama da ruwan zafi da kunun kanwa da rashin barci. Namijin da ya iya zagaya kasuwa neman ragon suna zai iya zuwa sakatariya da safe ɗaya.

Daga nan sai NIN ɗin yaron. Ki tambayi ma'aikacin NPC ko rajistar ta fito da lambar. In ba ta fito ba, a je cibiyar NIMC, hukumar da ke ba da NIN, da takardar haihuwa da NIN ɗin ɗaya daga cikin iyaye. Lamba 11 ce, tasa ce har tsufa, sai dai in ya kai shekara 16 zai koma a ɗauki zanen yatsunsa.

Sai babbar rajistar masu ƙaramin ƙarfi, wadda daga cikinta ake zaƙulo waɗanda za a ba tallafi. Ofishin NASSCO a Abuja ne ke riƙe da ita, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ake kira SOCU. Yadda ake shiga tun asali shi ne, jama'ar unguwa su taru su faɗi gidajen da suka fi buƙata, sannan ma'aikata su bi gida-gida da na'ura suna tambaya: mutum nawa ne, shekarunsu, masu zuwa makaranta, irin ɗakin, inda ake ɗebo ruwa. Wato abin da ke cikin rajistar hoton gidanki ne na ranar da suka zo. In sun zo kina da yara uku, har yau uku suka sani.

In gidanku yana ciki, ku fara da mai unguwa, don shi ake fara sanarwa in za a zo sabunta bayanai. Sannan a je sakatariya a nemi jami'in da ke kula da shirin tallafin, ko mai karɓar ƙorafi. A tafi da kwafin takardar haihuwa, a faɗi sunan mai gidan yadda aka rubuta shi a rajista, da mazaɓa, da sunan wadda ke karɓar kuɗin. A roƙa a rubuta a littafi, a kuma riƙe ranar da aka je. Ba na yi miki alkawarin za a gyara a ranar. Sau da yawa sai lokacin da aka fito zagayen sabuntawa. Amfanin zuwan shi ne in an fito ba za a tsallake ƙofarku ba. In kuwa gidanku bai taɓa shiga ba, haihuwa ba ta shigar da ku kai tsaye, hanyar dai ita ce ta mai unguwa da taron jama'a.

Abin da ya fi hana mata kuɗinsu ma ba jaririn ba ne, takardun uwar ne. Yanzu sai an tantance NIN kafin a biya, kuma ta asusun banki ko na waya kuɗin ke shigowa. Mace ta yi NIN da sunan mahaifinta tun tana budurwa, ta buɗe asusu da sunan miji, layin wayar kuma da sunan ƙaninta aka yi masa rajista. Uku ba su haɗu ba, kuɗi ya maƙale, ita kuma tana gida tana cewa an cinye. Wani lokacin an cinye ɗin, ba na rantse wa kowa, amma ki fara duba naki. In kin manta lambarki, danna *346# a layin da kika yi rajista da shi, za a cire ɗan kuɗi kaɗan a nuna miki. Kuma kada a bar layin ya mutu a cikin jego.

Inshorar lafiya ba ta da wahala sosai. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da gurbin mata ɗaya da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18 a ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Ya kai takardar haihuwa da hoton jariri a ƙara shi. In gurbin ya cika, ana biyan kuɗi a ƙara na biyar, ko in babba ya haura 18 ƙarami ya maye wurinsa. Ma'aikatan jihar Filato da masu sana'ar kansu kuwa PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ce tasu. Ki kuma tambaya a ƙaramin asibitinku ko suna cikin shirin da ke ɗaukar masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, don gurbin yakan cika da wuri.

Abinci na zahiri da gwamnati da masu taimaka mata ke ba yaro, a asibiti yake, kuma ba don kowa ba ne. Wata 6 na farko nono zalla ne, ko ruwa ba a so a ba shi, saboda haka wadda ke buƙatar ci ita ce uwar: gwate da ganye, kunun gyaɗa, wake, acca in an samu. Daga wata 6 ake fara auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku. Kore lafiya lau. Rawaya gargaɗi ne. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a nan ne ake ba da abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin 'yar leda, ko a tura ku asibitin da ke da shi. Magani ne, kyauta ne, na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai. Raba shi da yayyensa ko sayar da shi a kasuwa zalunci ne, ko da talauci ne ya sa. Sau biyu a shekara kuma ana makon lafiyar mata da yara, a ɗiga wa 'yan wata 6 zuwa sama sinadarin bitamin A, a ba waɗanda suka shekara maganin tsutsar ciki. Duk wannan da katin nan na farko ake zuwa.

Kada ki biya kowa don ya sa ki a rajista. Saƙon da ke yawo a WhatsApp wai a latsa nan a cike fom ɗin tallafin masu jego, a sa BVN da lambar katin cirar kuɗi, na ɓarayi ne. Rajistar gwamnati ba a shigarta ta irin wannan hanyar, kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ki lambar sirrinki.

Saura masu tafiya wankan gida, musamman haihuwar fari, da ake kai su Bauchi ko Kano ko Lafiya wurin iyaye. In a can aka haihu, a yi takardar haihuwar a can kafin a dawo, ta NPC ko'ina aka yi ta tana aiki a duk ƙasa. Riga-kafi ma kowane asibitin gwamnati zai ɗora daga inda aka tsaya muddin katin yana hannu. Rajistar tallafi ce kawai ke bin unguwar da gidan yake, wannan sai an dawo Jos. Kafin a kama hanya a ɗauki hoton kowace takarda a waya, a tura wa maigida, asalin kuma a sa a leda a ajiye a ƙasan akwati, kwafi kaɗai ake miƙa wa ofis.