Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kula da Fata da Gashi, da Yadda Ake Gyara Su

Da za a shimfiɗa fatar babban mutum, za ta kusa murabba'in mita 2, kamar tabarmar kwanciyar mutum ɗaya. Hawa uku ce. Na sama siriri ne, babu jijiyar jini a cikinsa, yana sabunta kansa cikin kamar mako 4. Na tsakiya shi ne mai aiki: a nan jijiyoyin jini suke, da masu jin zafi da taɓi, da saiwar gashi, da matatun gumi, da 'yan jakunkunan da ke fitar da maiƙo. Na ƙasa kitse ne. Yawancin ɓarnar da ake yi wa fata a ƙauyukanmu daga abu biyu take: a wanke mata maiƙon da ke kare ta, ko a yi wa kowane ƙurji magani ɗaya.

Wankan hunturu

Sanyi na shigowa sai a koma ruwa mai tururi, da sabulun wanki, wani lokaci har garin omo, da soso mai kartar jiki. Ana fitowa jiki ya yi fari fat, sai ƙaiƙayi da kaushi. Dalili kuwa, maiƙon nan shi ke hana ruwan fata tashi, sabulu mai kaifi da ruwan zafi kuma narkar da shi suke yi, iskar hunturu ta ƙarasa sauran. Ruwa mai ɗumi ya isa. Sabulun wanka a fi sa shi a hammata, matsematsi da ƙafa. Sannan a shafa man kaɗe ko basilin jiki na da danshi, kafin a bushe, domin mai ba ya ƙara wa fata ruwa, kulle wanda ke ciki yake yi. Wanda ya bari sai ya sha iska a tsakar gida sannan ya shafa, ya yi asarar rabin man.

Tafin hannu da tafin ƙafa ba su da jakunkunan maiƙo ko ɗaya, shi ya sa faso ya fi kama diddige. Kada a yanke shi da reza. A jiƙa ƙafa minti 10 zuwa 15 da dare, a goge a hankali da dutse, a cika tsagar da basilin, a sa safa. Mai ciwon suga ya kai ƙafarsa asibiti, domin ƙaramin yanka kan zame masa gyambo. Masu noman shinkafa a Kura da Kadawa da fadamar Haɗeja kuwa tasu matsalar akasin haka ce: cin ruwa tsakanin yatsu. Su mai ba nasu ba ne a wurin. A tsane tsakanin yatsun sosai, a shafa maganin fumfuna clotrimazole safe da yamma har mako 4.

Mai ɗaya, cuta goma

Wannan shi ne babban kuskure. Mutum ya je kemis ya ce a ba shi "man ƙuraje", a miƙo masa wanda aka haɗa da betamethasone ko clobetasol. Kwana biyu ƙaiƙayi ya lafa, a yi ta sa wa man albarka. Alhali waɗannan sinadarai kwantar da garkuwar fata suke yi. Idan cutar ƙwaya ce mai rai, an buɗe mata ƙofa ke nan: ta faɗaɗa, kamanninta su sauya har ma'aikacin lafiya ya sha wuyar gane ta.

Makero a kan yara misali ne. Ƙwayarsa irin ta fumfuna ce, kuma cikin silin gashi take shiga har saiwa, inda man shafawa ba ya kai wa. Don haka tafarnuwa, baƙin man inji, ko kankare wurin da aska har jini ya fito, duk wahalar da yaro ce, wani lokaci ma a kashe saiwar a bar masa sanƙo na har abada. Maganinsa na sha ne, griseofulvin, mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaron, a sha da abinci mai maiƙo. A raba masa mataji da hula, wanzami kuma ya sa sabuwar reza. Reza ɗaya a kai goma, ban da makero, hanya ce ta ciwon hanta.

Ƙazuwa kuma wani ƙaramin ƙwaro ne da ido ba ya iya gani sosai, yana haƙa rami a hawan sama na fata ya yi ƙwai. Alamarta ƙaiƙayin dare, da ƙuraje tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu da al'aura. Kuskuren da ake yi uku ne: a shafa a kan ƙurajen kaɗai, a yi wa mai susa kaɗai, a yi sau ɗaya. Maganinta, man permethrin mai kashi 5 cikin 100, ana shafa shi daga wuya har tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce, ya kwana a jiki awa 8 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 7. Duk wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi a yi masa rana guda, ko bai fara susa ba. A tsangaya kuwa sai malam ya tara ɗaliban gaba ɗaya, in ba haka ba aikin baban giwa ne. Tufafi da mayafi a wanke da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda kwana 3 zuwa mako. Ƙaiƙayi kan ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, ba dalilin ƙara magani ba ne.

Bilicin

Baƙi da fari yawan ƙwayoyin da ke yin launi a fatarsu kusan ɗaya ne. Bambancin a yawan launin da suke fitarwa yake, launin nan kuma laima ce daga zafin ranar bazara. Man bilicin ko haɗin amare na kasuwa yakan ƙunshi hydroquinone, ko irin su betamethasone da clobetasol da aka ambata a sama, ko mercury wanda hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sawa a kayan shafa saboda yana lalata ƙoda. Sakamakon sananne ne: fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, kumatu su yi duhun da ba ya fita, rauni ya ƙi haɗewa, har ɗinkin tiyatar haihuwa. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, fuska za ta yi ja ta feso da ƙuraje. A rage a hankali bisa shawarar likita. Shafa wa jarirai kuwa, wannan zalunci ne.

Gashi, gumi, maruru

Gashin kai na tsiro kamar santimita 1 a wata, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba cuta ba ce. Abin da ke cinye gaban goshin mata shi ne kitso mai tsauri. In an tashi daga gaban makitsiya da ciwon kai ko ƙananan ƙuraje a bakin gashi, a kwance shi. Saiwar da ta mutu ba man da zai dawo da ita.

Gumi shi kansa ba ya wari. Matatun hammata da matsematsi, waɗanda ke farkawa lokacin balaga, su ke fitar da mai kauri, ƙwayoyin da ke kan fata su ci shi, wari ya tashi. Turare a kan wannan ƙari ne. Sabulu, aske hammata da sauya riga su ne gyara. Ƙurajen zafi na jarirai toshewar ƙofofin gumi ce, don haka lafta mai da naɗe yaro cikin zannuwa a watan Afrilu ƙara su yake yi. Maruru kuwa a gasa shi da tsumma mai ɗumi sau 3 ko 4 a yini. Na tsakanin hanci da leɓe kada a matsa shi ko kaɗan, jijiyoyin wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

Ƙuna da farin tabo

Yaro ya faɗa ruwan zafi ko murhu, sai a nemo ɗanyen ƙwai, manja, man goge baki ko toka. Duk suna riƙe zafi ko su kawo ruɓa. A yi ta kwarara ruwan randa minti 20, ban da ƙanƙara, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a fasa bororon, a rufe da tsumma mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ta asibiti ce nan take.

Ba kowane farin tabo ne kyasbi ba. A rufe idon mutum a taɓa wurin da auduga. Idan bai ji ba, ko wurin ba ya gumi, a nemi gwajin kuturta a asibitin ƙaramar hukuma ko na Yadakunya a Kano. Maganin kyauta ne, wata 6 zuwa 12, kuma wanda ya fara shi kafin jijiya ta lalace ba ya rasa yatsa.